Bizar koyon sana'a a ƙasar waje: abin da ya kamata matasan Tahoua da Adar su sani

Bizar koyon sana'a izini ne na wucin gadi da wata ƙasa ke ba baƙo domin ya shiga ya samu horo a masana'anta, gona, asibiti, otal ko cibiyar koyarwa, na wani wa'adi da aka ƙayyade, sa'annan ya koma gida. A Nijar an fi saninta da bizar staji. Ta sha bamban da bizar aiki, ta kuma sha bamban da bizar yawon buɗe ido. Abu uku ne ginshiƙinta a kusan ko'ina: wurin da ya gayyaci mutum a rubuce, tsarin abin da za a koya masa, da ranar da horon zai ƙare.

Batun ya shafi jahar Tahoua fiye da wurare da dama, domin Adar ƙasar ƴan bida ce. Daga birnin Tahoua zuwa Keita, Tamaske, Kalfou, Barmou, Afala da Takanamat, da wuya a samu gidan da ba ya da ɗa ko ƙane a Abidjan, Libiya, Aljeriya, Kamaru ko Najeriya. A ƴan shekarun nan kuma tallace-tallacen "horo a Turai" da "staji da albashi" sun cika wayoyin salula ta Facebook da WhatsApp, har wasu iyaye na sayar da bisashe ko su jinginar da gona domin biyan dillali.

Bambancinta da tafiya bida

A tsarin bida da Adarawa suka gada, mutum yakan tashi bayan an gama aikin gona, ya sauka wurin ɗan garinsu, sa'annan ya nemi abin yi. Tafiya ce ke gaba, aiki na biye. A bizar koyon sana'a kuwa, gurbin horo ne ke gaba: sai an samu wurin da ya amince ya karɓi mutum, an sa hannu a takarda, kafin ofishin jakadanci ya saurare shi. Wanda ba ya da mai masauki a rubuce, ba ya da abin nema.

Bambanci na biyu shi ne ƴancin canza wuri. Ɗan bida in aiki bai yi masa ba sai ya matsa gaba. Mai bizar horo a ɗaure yake da wurin da aka rubuta a takardarsa. In ya bar wurin ba da sanin hukuma ba, izinin zamansa na iya faɗuwa ko da kwanakin bizar ba su ƙare ba.

Tarihi ya sha nuna wa ƴan Nijar abin da rashin takarda ke jawowa. A Nuwamban 1969 Ghana ta kori baƙin da ba su da izinin zama. A Janairun 1983 Najeriya ta yi haka. Yaƙin Libiya na 2011 ya maido da dubban ƴan jahar Tahoua gida, da yawansu hannu rabbana. Tun Disamban 2014 kuma Aljeriya ke kwaso ƴan Nijar tana maido su. A 2024 kaɗai ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga mutane fiye da 30,000, ƴan Nijar da na wasu ƙasashe, da aka koro zuwa Assamaka. Cikin waɗanda ake korowa akwai magina, masu walda, masu gyaran mota da masu aikin lantarki da suka ƙware sosai, amma babu wata shaida a hannunsu da ke nuna abin da suka iya.

Ƙasashen da ɗan Nijar ke shiga ba biza

Kafin a hango Turai, akwai ƙofofin da ke kusa. Nijar na cikin ƙungiyar UEMOA mai ƙasashe 8 masu amfani da kuɗin cefa: Benin, Burkina Faso, Côte d'Ivoire, Gine Bisau, Mali, Nijar, Senegal da Togo. Yarjejeniyar ƙungiyar ta ba ƴan ƙasashen damar zirga-zirga, zama da neman aiki a tsakaninsu.

Game da CEDEAO, yarjejeniyar Dakar ta 1979 ce ta ba da damar shiga ba biza har kwana 90. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka ƙaddamar da fasfon ƙawancen AES. Sai dai a ranar CEDEAO ta bayyana cewa za ta ci gaba da amincewa da fasfo da katin ɗan ƙasa na ƙasashen uku, da kuma ƴancin zirga-zirgarsu, har sai an sanar da wani sabon mataki. Ke nan ɗan Tahoua da ke son koyon gyaran inji a Kano ko Sakkwato na iya ƙetarawa ta Birnin Konni da takardunsa na ɗan ƙasa, amma ya riƙa bin labarai, domin wannan rangwame ba na dindindin ba ne.

A wannan yanki akwai cibiyoyin horo sanannu. Cibiyar Songhaï da ke Porto-Novo a Benin, wadda aka kafa a 1985, na koyar da noma, kiwo, kiwon kifi da sarrafa amfanin gona. Makarantar 2iE ta Wagadugu ta shahara a fannin ruwa, makamashi da muhalli. Makarantar ESMT ta Dakar na horar da ma'aikatan sadarwa. Ita ma Nijar tana karɓar baƙi: cibiyar AGRHYMET da makarantar EAMAC ta sufurin jiragen sama da hasashen yanayi, duk a Yamai, na horar da ƴan ƙasashen Afirka da dama.

Maroko da Tunisiya na barin mai fasfon Nijar ya shiga ba biza har kwana 90. Amma shiga ba biza ba shi ne izinin zama ba. Wanda horonsa ya wuce wata uku dole ya nemi katin zama wurin ƴan sandan ƙasar, da takardar rajistarsa a makaranta. A Maroko hukumar OFPPT, da aka kafa a 1974, ce ke riƙe da cibiyoyin koyon sana'a, ita kuma hukumar AMCI ce ke ba ƴan ƙasashen waje guraben karatu da tallafi ta hanyar gwamnatocinsu. Aljeriya kuwa na neman biza daga mai fasfon Nijar na talakawa. Tana da ofishin jakadanci a Yamai da ƙaramin ofishi a Agadez. Soke dokar 2015-36 ta hana safarar baƙin haure da hukumomin Nijar suka yi a Nuwamban 2023 ya shafi cikin Nijar ne kawai, bai canza dokokin shiga Aljeriya ko Libiya ba.

Turai: gajeren zama da dogon zama

Ƙasashen Turai 29 na cikin yankin Schengen, kuma bizarsu iri biyu ce. Ta gajeren zama na ba da kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Ita ake nema in horon bai wuce wata uku ba. Kuɗinta ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 tun ranar 11 ga Yunin 2024, wato kimanin jika 59 na cefa, tun da Yuro ɗaya a tsaye yake kan cefa 655,957. Ana neman inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar nauyi har Yuro 30,000, da fasfon da ke da sauran aƙalla wata uku bayan ranar dawowa, da shafi biyu da ba a buga komi a kansu ba. Ana iya ajiye takardu tun wata 6 kafin tafiya. Amsa kan fito cikin kwana 15, wani lokaci har kwana 45. In an ƙi ba da biza, ba a maido da kuɗin.

Horon da ya wuce wata uku na buƙatar bizar dogon zama, wadda kowace ƙasa ke da dokarta a kai.

*Faransa.* Akwai bizar dogon zama ta mai staji. Tushenta yarjejeniya ce da ɓangare uku ke sa wa hannu: mai koyo, makarantarsa ko ma'aikatar da yake wa aiki a gida, da wurin da zai karɓe shi a Faransa. Hukumomin Faransa su ne ke tantance yarjejeniyar kafin a kai ta ofishin biza. Wannan na nufin tsarin an yi shi ne domin ɗalibin da ke cikin karatu ko ma'aikacin da wurin aikinsa ya tura shi ƙarin ilimi. Kuɗin bizar Yuro 99 ne, kimanin jika 65. Har zuwa 2025 ana neman ɗalibi ya nuna yana da Yuro 615 a kowane wata, sama da jika 400. Stajin ɗalibi da ya wuce wata biyu dole a biya shi ɗan ihsani, wanda a 2024 da 2025 mafi ƙarancinsa Yuro 4,35 ne a awa. Bayan isa, ana tabbatar da bizar ta intanet cikin wata uku.

Sai dai hanyar ta yi wuya tun bayan 26 ga Yulin 2023. Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai a watan Agustan shekarar, jakadanta Sylvain Itté ya bar ƙasar a ƙarshen Satumba, ranar 2 ga Janairun 2024 kuma Paris ta sanar da rufe ofishin jakadancinta, tare da maida ayyukan takardu ga ofisoshinta na ƙasashen yankin. Wanda ke da gayyata daga Faransa sai ya fara binciken ofishin da zai karɓi takardunsa, ya kuma lissafa kuɗin mota, masauki da abinci a wata ƙasa kafin ya yi kowane alkawari.

*Jamus.* Tsarin Jamus ya fi kusa da abin da aka sani da almajirancin sana'a. Mai koyo na raba mako tsakanin masana'anta da makaranta, tsawon shekara 2 zuwa 3 da rabi, kuma masana'antar na biyansa kowane wata. Mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya a shekarar farko Yuro 682 ne ga waɗanda suka fara a 2025, kimanin jika 447, kuɗin da ke da yawa a Tahoua amma da kyar yake biyan haya da abinci a can. Dokar shigar ƙwararru ta fara aiki ranar 1 ga Maris 2020, aka faɗaɗa ta a 2023 da 2024. Sharuɗɗan su ne kwantaragin horo da wata masana'anta, da jin Jamusanci, galibi a matakin da ake kira B1. Tun Maris 2024 wanda bai kai shekara 35 ba, mai shaidar kammala makaranta da ta cika sharaɗi, na iya neman izinin wata 9 domin neman gurbin horo a can, in ya nuna abin da zai ci da kansa. Mai koyo na iya yin wani aiki na gefe har awa 20 a mako. Kuɗin bizar Yuro 75 ne. Jamus ta bambanta da sauran ta wani gefe: wanda ya kammala na da damar zama har wata 18 ya nemi aiki a fanninsa. Babban shingen shi ne harshe. Cibiyoyin Goethe da ke shirya jarabawar Jamusanci na Lome, Abidjan, Accra da Legas.

*Italiya.* Mutanen Keita sun san Italiya ta aikin raya karkara da aka fara a 1984 tare da hukumar FAO, wanda ya farfaɗo da fako da tsaunuka ta hanyar shingen duwatsu da dashen itatuwa. Italiya na da ofishin jakadanci a Yamai, tana kuma da bizar staji ta wata 3 zuwa 12, bisa tsarin horo da hukumar lardin da masana'antar take ta amince da shi.

Amurka: tsarin da halin da ake ciki

Amurka na da biza biyu da suka shafi horo kai tsaye. Ta farko ita ce H-3, ta wanda wani kamfani ko ƙungiya ta gayyata ya koyi aiki a fannoni kamar noma, kasuwanci, sadarwa ko sufuri, har shekara 2. Kamfanin ne ke shigar da buƙata wurin hukumar shige da fice ta USCIS, ba mai koyo ba. Dole ya nuna cewa babu irin horon a ƙasar mai koyo, cewa ba za a sa shi a gurbin ma'aikacin ƙasa ba, kuma horon zai amfane shi a aikin da zai yi a wajen Amurka.

Ta biyu ita ce J-1, ta musayar baƙi, wadda ta samo asali daga dokar Fulbright-Hays ta 1961. Mai neman horo a ƙarƙashinta sai ya kasance da digiri ko shaidar ƙwarewa tare da shekara ɗaya ta aiki, ko kuma shekara 5 na aiki a fannin. Wa'adinta ba ya wuce wata 18, a fannin otal kuwa wata 12. Ƙungiyar da gwamnatin Amurka ta amince da ita ce ke ba da takardar gayyata mai lamba DS-2019. Wasu masu wannan biza, musamman waɗanda gwamnati ta biya wa, dole su koma gida su yi shekara 2 kafin su nemi wasu nau'o'in izinin zama.

Ga ɗan Nijar dai ƙofar a rufe take a yanzu. A Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka a Yamai ya dakatar da ayyukan biza na yau da kullum. Ranar 16 ga Disamban 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a umurnin da ya sanya Nijar, Mali da Burkina Faso cikin ƙasashen da aka hana ƴan ƙasarsu shiga Amurka daga 1 ga Janairun 2026, ban da ƴan kaɗan da aka keɓe kamar jami'an diflomasiyya. Hukumomin Yamai sun maida martani da irin wannan mataki kan Amurkawa. Saboda haka duk wanda ya ce zai samo wa mai fasfon Nijar bizar horo ta Amurka a wannan hali, maganarsa abar tuhuma ce.

Asiya da tallafin gwamnatoci

Japan ta fara shirin horar da baƙi a masana'antu a 1993, mai wa'adin har shekara 5, wanda akasarin masu shigarsa ƴan Vietnam, Indonesiya da Filifin ne. An daɗe ana sukarsa kan ƙarancin albashi, bashin dillalai da hana canza wurin aiki, har a Yunin 2024 majalisar ƙasar ta amince da sabon tsarin da zai maye gurbinsa a 2027. Wannan darasi ne: sunan "horo" kan zama mayafin aikin araha ko a ƙasa mai arziki. Abin da ya fi shafar Afirka shi ne shirin ABE da aka sanar a taron TICAD na Yokohama a 2013, mai haɗa digiri na biyu da staji a kamfani, da kuma gajerun kwasa-kwasan hukumar JICA.

Indiya na da shirin ITEC tun 1964, na horo na ƴan makonni a fannin kwamfuta, noma, makamashin rana, kuɗi da mulki, inda gwamnatinta ke ɗaukar nauyin jirgi, masauki da karatu. Turkiyya na da tallafin Türkiye Bursları tun 2012, da ake nema ta intanet. Ƙasashen biyu na da ofishin jakadanci a Yamai. Irin waɗannan shirye-shirye na gwamnati da gwamnati kan bi ta ma'aikatu, a fannin ɗalibai kuma ta hukumar ANAB mai kula da alawus da tallafin karatu. Amfaninsu shi ne biza kan zo da sauƙi, tun da ƙasar da ke ba da ita ce ta yi gayyatar.

Takardun da ake haɗawa daga Tahoua

Ko wace ƙasa za a je, shirin na farawa ne daga gida. Na farko takardar haihuwa. Wanda ba a yi wa ba tun yana jariri sai ya bi ta kotu a ba shi hukuncin da ke maye gurbinta. Da ita ake neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa a kotu, sai katin ɗan ƙasa, sai fasfo, wanda hukumar ƴan sanda ta DST ke bayarwa, mai aiki shekara 5. Ana kuma neman takardar kotu mai nuna mutum ba ya da laifi, wadda aka fi sani da kaziye. Wata uku kawai take aiki, don haka ba a gaggawar karɓarta. Sai katin rigakafin shawara, da hotuna.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saɓanin suna da shekaru. A takarda ɗaya an rubuta Mahamadou, a wata Mamane. A nan an sa ranar haihuwa, a can an ce "wajajen" shekara kaza. Jami'in biza ba ya gyara, ƙi kawai yake yi. Gara a daidaita komi a kotu kafin a kama hanyar Yamai, mai nisan kimanin kilomita 550 ta Konni da Dosso, da a je a dawo saboda harafi ɗaya.

Sai shaidar ilimi ko ƙwarewa, kuma nan ne matasan Adar da yawa ke tsayawa. Yaron da ya yi shekara bakwai a garejin maigidansa ya iya kwance inji ya ɗaura, amma ofishin jakadanci takarda yake karantawa. Hanyar samun ta tana nan cikin jaha: cibiyoyin koyon sana'a na CFM da ke ƙananan hukumomi, makarantun fasaha masu ba da CAP da BEP, da jami'ar Djibo Hamani ta Tahoua da sashenta na fasaha, IUT. Asusun FAFPA na ɗaukar nauyin horo da almajirancin sana'a, hukumar ANPE kuma na rajistar masu neman aiki da haɗa su da wuraren staji. Wanda ya yi aiki a wani wuri ya nemi maigidan ya rubuta masa shaidar aiki mai kwanan wata, hatimi da sa hannu. In ƙasar da za a je ba ta aiki da Faransanci, sai an fassara takardun wurin tafintan da hukuma ta amince da shi.

Abin da jami'in biza ke dubawa

Tambaya huɗu ce ke zuciyar jami'in. Shin wurin horon na gaskiya ne? Shin horon ya dace da abin da mai nema ya karanta ko yake yi? Shin yana da abin da zai riƙe kansa? Shin zai dawo? Wanda ya karanta lissafin kuɗi ya zo da gayyatar koyon walda, za a yi masa kallon mai neman hanyar fita kawai. Kuɗin da aka zuba a asusun banki kwana uku kafin ajiye takardu ana gane na aro ne. Shaidar dawowa kuwa ita ce abin da ya ɗaure mutum da gida: wasiƙar ma'aikatarsa cewa gurbinsa na jiransa, rajistar shagonsa, karatun da bai kammala ba, iyali.

Takardar jabu ta fi rashin takarda muni. Ƙasashen Schengen na da rumbun bayanai guda, suna ajiye zanen yatsu. Wanda aka kama da ƙarya a ofishi ɗaya, sauran za su gani. In an ƙi, ana ba da dalili a rubuce tare da hanyar ɗaukaka ƙara.

Dillalai da tarkonsu

Babu dillalin da ke ba da biza; ofishin jakadanci ne kaɗai ke da wannan iko. Alamun yaudara sanannu ne: alkawarin biza tabbas, neman kuɗi masu yawa kafin a nuna sunan wurin horo, biya ta wayar wani mutum ba rasit, karɓe fasfo, da shawarar "ka shiga da bizar yawon buɗe ido, in ka isa za a gyara". Wanda ya shiga da bizar ziyara ya kama aiki ko horo, ya karya doka tun ranar farko.

Akwai kuma gayyatar da takardunta na gaskiya ne amma abin da ke bayanta dabam. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya wallafa bincike kan shirin Alabuga Start na yankin Tatarstan a Rasha, wanda ya tallata karatu da horo ga ƴan mata ƴan shekara 18 zuwa 22 daga ƙasashen Afirka. Waɗanda suka yi magana sun ce sun tsinci kansu suna harhaɗa jiragen yaƙi marasa matuƙi. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa. Kafin a biya ko dala, a nemi cikakken sunan wurin da adireshinsa, a tuntuɓe shi kai tsaye, a karanta kwantaragin: awa nawa, kuɗi nawa, wa ke biyan masauki da jirgin dawowa, wace shaida za a bayar a ƙarshe. Nijar na da dokar yaƙi da fataucin mutane tun Disamban 2010 da hukumar ANLTP mai kula da batun. Ana kuma iya kai ƙara wurin ƴan sanda ko jandarma.

Ƙarewar wa'adi da dawowa

Ranar ƙarewa tana rubuce a biza ko a katin zama. Wanda ke son ƙari sai ya nema kafin ranar, da yardar wurin horon. Wanda ya wuce wa'adi na fuskantar tara, kora, da hana shiga na shekaru. A Amurka, wuce kwana 180 na jawo hanin shekara 3, wuce shekara ɗaya kuma hanin shekara 10. Turai ta fara aiki da sabon tsarin rajistar shiga da fita ta na'ura ranar 12 ga Oktoban 2025, wanda ke ƙirga kwanakin mai gajeren zama da kansa. Laifin mutum ɗaya kuma kan shafi na baya, domin yawan waɗanda suka ƙi dawowa na cikin dalilan da ƙasashe ke kawowa in za su tsaurara wa wata ƙasa.

Kafin barin wurin horo, mai koyo ya tabbatar ya karɓi shaidar kammalawa da ke faɗin fanni, tsawon lokaci da abin da ya koya. Da ita zai nemi aiki ko jari a gida. Jahar Tahoua na da wuraren da ke jiran irin wannan hannu: adana albasar Galmi da ta fadamun Keita da Tamaske da ke ruɓewa kafin farashi ya tashi, gyaran famfunan rana da injinan ban ruwa, kamun kifi a tabkin Tabalak, sarrafa fata da nono a Abalak da Tchintabaraden, kamfanin siminti na Malbaza, da asibitoci masu na'urorin da ke lalacewa ba mai gyara.

Dokokin biza na canzawa da sauri, musamman tun 2023, kuɗaɗen ma haka. Mai niyya ya tabbatar da sharuɗɗan ranar a shafin intanet na ofishin jakadancin ƙasar da za shi, ko ya je da ƙafarsa ya tambaya, kafin a taɓa rumbu ko garke.